Bango Shida Zuwa Masallaci

Daga ƙofar zauren Malam Gwadabe zuwa masallacin unguwarsu a Kwanar Dangora bango shida ne, duk suna kallon titin Kano zuwa Zariya, kuma duk shidan shi ya yaɓe su ya yi musu zane lokacin da yake da ido. Magini ne ɗan magina. Irin zanen nan na da yake yi, wanda ake ɗora ƙasa a jikin bango tana ɗanya, a murza ta da yatsa ta fito tudu-tudu, sannan a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana damina cin gini.

Shekara huɗu ke nan da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa. An kawo masa sanda, ya ce a mayar wa mai ita. An ce to a riƙa yi masa jagora, ya ce shi ya gina layin nan, babu wanda zai nuna masa hanya a cikinsa. Da an kira salla sai ya fito, ya ɗora hannun dama a bangon gidansa, ya kama tafiya. Nasa bangon dagi ne. Na maƙwabcinsa Alhaji Audu takubba biyu ne da keke a tsakani, domin mahaifin Alhajin shi ya fara sayen keke a layin. Na uku igiya ce mai kanannaɗewa, a ƙarshenta akwai ɗan jinjirin wata, wanda idan yatsansa ya taɓa ya san lungu ya zo, sai ya saki bango ya yi taku biyar ya tsallake bakin lambatu, ya kama na huɗu. Haka har ƙofar masallaci. Idan zai dawo sai ya ba hannun hagu aiki.

Juwairiyya ce autarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce Uwata. Ta yi karatun zane a kwalejin ilimi, tana koyarwa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Kiru, kullum ta hau mota da safe ta dawo bayan azahar. Tun tana ƙarama take tsayawa a gindin tsani tana kallonsa yana aiki, amma ko sau ɗaya bai bar ta ta taɓa kwaɓin ƙasa ba. Ya ce aikin maza ne. Yayanta Mujitaba ya koya wa. Shi kuwa Mujitaba da ya girma ya tarar babu mai ginin ƙasa kuma, kowa bulo yake so, sai ya koma rubutun alluna da fenti, da shi yake riƙe matarsa da 'ya'ya uku da ita Juwairiyya da mahaifinsu, tun bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Masu talla sun daɗe a garin. Da farko manyan alluna ne na ƙarfe a bakin mahaɗa, inda masu rake da masu tumatir ke tare motoci. Daga baya wani ɗan kwangila ya lura cewa gidajen da ke kallon titi sun fi allo girma, kuma ba sai an kafa musu ƙafa ba. Ya bi masu gidajen ɗaya bayan ɗaya da magana mai daɗi: za a kankare tsohon zanen, a shafe bangon da siminti, a yi masa fenti, duk kyauta, su kuwa su bar hoton kamfani ya zauna shekara biyu. Juwairiyya ba ta ga laifin masu gidajen ba sosai. Yaɓe duk shekara kafin saukar ruwa wahala ce, maginan da za su yi ma sun ƙare. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne wanda ɗan kwangilar ya ɗauka aikin.

Wata Talata ta sauko daga mota ta hango tsani a jikin bangon Alhaji Audu, da yayanta a kai, yana dukan keken nan da ƙarfe yana zubowa gutsi-gutsi. Ta tsaya a ƙasa da jakarta a kafaɗa.

"Yaya, da hannunka?"

"To da ƙafa kike so in yi, Malama? Idan ban kankare ba wani za a ɗauko daga Kano ya kankare. Gara ni, na san inda zan doka bangon bai tsage ba."

"Har bismilla ka yi kafin ka fara?"

"Na yi. Tuwon da za ki ci anjima ma ki yi masa bismilla, daga nan ya fito."

Ba ta ci tuwon ba ranar. Bai dame shi ba, ko kuma ya nuna bai dame shi ba.

Kwana uku aka gama. Bangon ya koma ja wur, da hoton wata mata tana murmushi riƙe da tukunyar miya, da sunan dunƙulen ɗanɗano a saman kanta. Juwairiyya na bakin zaure lokacin da mahaifinta ya fito sallar la'asar. Ya wuce dagin gidansa, hannunsa ya faɗa kan santsi, ya tsaya cak. Ya koma baya ya sake shafa dagin, kamar mai tantamar ko ba daga gidansa ya fito ba. Ya sake miƙa hannu sama da ƙasa yana neman bakin takobi. Daga nan ya shinshina tafinsa. Bai tambayi kowa komai ba, ya ci gaba da tafiya a hankali, leɓɓansa na motsi. Ta ɗauka tasbihi yake yi, sai daga baya ta gane taku yake ƙirgawa.

Kafin wata biyu bango huɗu sun tafi. Na uku ya zama tallan takin zamani, na huɗu na layin waya, na biyar na maganin feshin ciyawa. Na shida, wanda ke manne da masallaci, shi ma an shafe shi da siminti ana jiran fenti. Direbobin tirela suna cewa garin ya yi kyau. Malam Gwadabe ya fara makara a jam'i, wani lokaci ya samu raka'a ɗaya, wani lokaci ya tarar an sallame. Mujitaba ya ce zai riƙa kai shi, tsohon ya ce masa ya je ya ji da fentinsa.

A wayarta Juwairiyya tana da hotunan bangayen duka, ta ɗauka tun tana kwaleji don wani aikin makaranta. Ta zauna ta zana su a takarda da abin awo, kowane layi daidai. Shawarar da ta yanke ita ce ta yi ɗamarar zane a jikin kowane bango, faɗin taƙi biyu, daidai inda hannun mutum yake kaiwa idan yana tafiya, ta mayar da kowane gida da alamarsa. Ta je ta durƙusa ta gaida Alhaji Audu ta faɗa masa. Ya yi dariya ya ce ta gwada, muddin ba za ta ɓata musu hoto ba, idan sun yi magana sai a wanke.

Ranar Asabar da safe ta ɗebo jar ƙasa daga kududdufi, ta kwaɓa a daro, ta fito bakin titi da tsohon hijabi ta kama aiki. 'Yan acaɓan da ke jiran fasinja suka sami abin kallo. Wani ya tambaye ta ko gwamnati ta hana malamai alli ne suka koma taɓo, ta ce masa idan ya iya karanta abin da ke rubuce a bangon nan sai ta ba shi amsa. Abokansa suka koma kansa da tsiya. Zuwa yamma ta gama takubba biyu da keke, sun fito tsaf kamar a littafi, ta koma gida kafaɗarta na ciwo zuciyarta fes.

Washegari da hantsi rana ta buga, zanen ya bushe, ya ɓanɓaro ya zube gaba ɗaya kamar ƙanzo. Bangon ya koma santsinsa, sai ɗan datti a haɓar matar nan mai tukunya. 'Yan acaɓa suka kau da kai, wannan ya fi mata ciwo.

Mahaifinta ne ya taka ɓaraguzan a hanyarsa ta azahar. Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya murza, ya shinshina, ya sa a aljihu. Bayan la'asar yana zaune a zaure tana kawo masa ruwa, sai ya fito da shi yana magana kamar da bango yake. Ya ce ko wane ne ya kwaɓa wannan ƙasar bai san ƙasa ba, domin ba ta kwana ba. Ƙasar zane sai an haɗa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a jiƙa, a tattake, a rufe, kullum da safe a sake tattakewa har kwana bakwai, sai ta yi wari ta yi danƙo. Ya ce kuma ƙasa ba ta kama fenti, ko ta shekara tana kwana. Sai an sassare simintin an yi masa rauni, an jiƙa, sannan ta sami abin riƙewa. Ya shafa gefen gutsuren ya ce layin ma ya cika miƙewa, wannan aikin mai abin awo ne, yatsa ba ya tafiya haka.

Ta ajiye kofin ta ce, "Ni ce, Baba."

"Na sani, Uwata. Maza ba sa yin abu da tsafta haka."

Iyakar abin da ya ce ke nan, amma ta fita daga zauren da abin da ta yi shekara ashirin tana jira. Ranar ta haƙa rami a bayan gida ta jiƙa ƙasa.

Maganar sassare bango ce ta tsaya. Alhaji Audu ya ce sun sa hannu a takarda, babu mai taɓa hoton sai wa'adi ya cika. Sauran ma haka suka ce, kowa da ba ta haƙuri, kowa da yi wa Malam addu'a. Ɗaya ya ce ta yi a can ƙasa inda aka ja baƙin fenti, ta tambaye shi ko yana so tsohon ya je masallaci da rarrafe. Aka kai ƙararta wajen Mujitaba cewa ba ta da kunya. Ƙasar ta kwana bakwai, ta kwana goma sha huɗu, tana tattake ta kullum kafin ta tafi Kiru, babu bangon da za ta ɗora ta.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, tana makaranta. Yadda aka ba ta labari, Malam ya fito azahar yana ƙirga takunsa a jikin bangon takin zamani, sai wani mutumin Doguwa da ya taɓa yi wa gini shekaru da yawa ya sauko daga mota ya gane shi. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina da shanu da tsofaffin da ya sani can ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, domin ba a yanke gaisuwar wanda ya zo daga nesa. Da suka rabu lissafin ya ɓace masa. Ya ci gaba yana shafa bango yana jiran jinjirin watan da ke gaya masa lungu ya zo, ya manta babu shi. Bangon ya ƙare a hannunsa babu shiri, ƙafarsa ta tafi cikin lambatu.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. An ɗauko mai ɗori daga Badafi, daga baya aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi bayan sati uku a kwance a bayan mota. Likita ya gaya wa Mujitaba gaskiya a waje, cewa a shekarunsa zama ma sai an taimaka masa, tafiya kuwa a cire rai.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Alhaji Audu ya zo sau uku, a na ukun ya tsaya a tsakar gida ya kasa kallon Juwairiyya, ya ce bangonsa na nan, ta yi abin da ta ga dama da shi, takarda kuma shi ya san yadda zai yi da ita. Ta so ta tambaye shi amfanin me yanzu, ta haɗiye, ta ce ta gode. Sauran masu gidajen ba su ce ta yi ba, ba su kuma hana ba.

Ta ari guduma da kurfin sassare bango a cikin kayan mahaifinta. Ɗamarar ta ratsa ta tsakiyar tukunyar miya, ta ratsa buhun taki, ta cinye rabin lambobin da ke jikin tallan waya. Kafin ta ɗora kowane zane a bango sai ta fara yin sa a kan faifai, ta kai masa ɗaki yana ɗanye. Ya ɗora a cinya ya bi da yatsu, ya ce nan ya yi zurfi, nan ta ji tsoro ta ɗaga hannu da wuri, igiyar gida na uku ba dama take fara juyawa ba, hagu ce, hoton wayarta ƙarya yake yi ko kuma ita ce ba ta iya kallo ba. Wani lokaci ya kama babban yatsanta ya danna cikin ƙasar da nasa, ya ja, ya ce haka. Hannunsa ya rame, amma a cikin ƙasa ƙarfinsa na nan. Bai taɓa tambayarta don wa take yi ba, ita ma ba ta taɓa ce masa zai warke ya bi ba.

Sati bakwai ta yi, cikin zafin bazara, daga dawowarta makaranta zuwa kiran magariba. Makuba ta rina mata farce da tafin hannu, har shugabar makarantarsu ta ce malama ba ta shiga aji da hannu haka, ta amsa cewa malamar zane ce, wannan shi ne takardar shaidarta. Matan layin wasu suna cewa ta zubar da mutuncin gidansu a bakin titi, wasu suna aiko mata ɓawon ɗorawa a ɓoye. Matafiya sukan tsayar da mota su ɗauki hoto. Ba ta ɗaga kai ta kalle su. Ran da ta gama na shida ta zauna a dakalin masallaci ta waje, ta kalli layin tun daga farko, jan fenti da kore da rawaya, da ɗamarar ƙasa guda ɗaya ta ɗaure su duka, kuma babu mai bin ta. A nan ne kawai ta yi kuka, shi ma ba da yawa ba.

Hotunan matafiyan ne suka kai labari Kano. Ɗan kwangila ya zo da kansa, ya zazzage wa masu gidaje, ya kira Mujitaba gefe ya ce ko ya kankare wannan taɓon ya gyara hotunan tallan kafin Litinin, ko ya nemi wani aikin, har da na Bebeji da Tudun Wada da aka yi masa alkawari. Mujitaba ya same ta a bayan gida tana wanke daro.

"Asabar zan fara, Juwairiyya."

"Ka yi bismilla dai."

"Ki bar wannan. Yau Alhamis. Ki je ki sa masa babbar rigarsa, la'asar ta kusa."

Ta ɗago ta kalle shi. Bai jira ta ce komai ba, ya shiga ɗakin tsohon.

Goya shi ya yi. Malam ya so ya ƙi, ya ce shi ba jariri ba ne, Mujitaba ya ce ai ba jagora zai yi masa ba, shi bai san hanya ba, ƙafa kawai zai ara masa, inda hannunsa ya ce a bi nan za a bi. Da suka fito sai aka ga ɗamarar ta yi wa wanda ke goye ƙasa, domin don mai tafiya da ƙafarsa aka yi ta. Mujitaba ya duƙa kamar mai noma, ya kama tafiya a haka. Juwairiyya na biye da su da buta da sallaya.

Tsohon ya ɗora hannun dama. Ya wuce daginsa. Ya taɓa takobi na farko, ya bi ƙafar keken nan ya zagaye ta sau biyu, ya ce gidan Audu. Wani cikin masu shayi ya kashe rediyo. A bango na uku ya bi igiyar har ƙarshe, yatsansa ya faɗa kan jinjirin wata, ya ce wa ɗansa ya tsaya, lungu ya zo, taku biyar, ya yi hankali da lambatu. Mujitaba yana ganin lambatun da idonsa, amma ya tsaya ya ƙirga biyar da ƙarfi. A bango na biyar Malam ya sa aka koma baya, ya sake shafa wani wuri, ya ce nan ta yi gaggawa, rana ta kusa faɗuwa ne ko. Ta ce e. Ya ce ana ji. Suka iske liman bai tayar ba, aka zaunar da shi a sahun farko a jingine da ginshiƙi. Ita ta tsaya a waje ta jira.

Ranar Asabar da hantsi ƙarar ƙarfe ta fara daga bangon Alhaji Audu. Juwairiyya tana ɗakin mahaifinta tana ba shi koko. Ya tsayar da cokalin da hannu, ya karkata kunne, ya tambaye ta ƙarar mene ne. Ta yi niyyar ta ce tirela ake gyarawa, sai ta ga ba za ta iya ba.

"Yaya ne, Baba. An ce ya kankare."

Ya saki cokalin. Ta ga hannunsa na dama yana motsi a kan bargo, yatsun suna bin abin da babu.

"Yana sauka da wuya?"

"Da wuya. Sai ya doka sau uku."

"To ƙasar ta kama." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Ki je da daro, Uwata, kada su share ta cikin lambatu. Wadda ta taɓa hawa bango ba ta bukatar kwana bakwai, biyu ya ishe ta."

Ta ajiye kwanon, ta ja masa bargo, ta ɗauki daro ta fita. Mujitaba na kan aiki, bai juyo ba, amma da ya ji ta ajiye daron a gindin bangon sai ya gyara tsayuwa, ya riƙa dukan ƙasar ta yadda za ta faɗa ciki.